The Babadook: fim ɗin da uwar da ke cikinsa ta fi dodon ban tsoro

Duk wanda yake neman fim ɗin tsoro irin wanda za a ringa firgita shi duk bayan minti biyar, ƙofa ta buga garam, wani abu ya faɗo daga silin, jini ya watsu a bango, toh ya adana datarsa kawai, The Babadook ba nasa bane. Shi wannan a hankali yake cin mutum. Minti 94 ne kacal amma wallahi kafin ka kai rabi za ka ji kai ma ka gaji, idonka ya yi nauyi, kana jin haushin wani yaro ɗan shekara shida da bai maka komai ba, kuma daga baya ka zo kana jin kunyar haushin da ka ji. Ni a wajena nan ne gwanintar fim ɗin take, dodon kam ɗan rakiya ne.

Fim ne na ƙasar Ostiraliya, ya fito a 2014, an fara nuna shi a bikin finafinai na Sundance a Amurka a watan Janairun shekarar. Wata mata ce Jennifer Kent ta rubuta labarin kuma ita ta ba da umarni, kuma shi ne dogon fim ɗinta na farko, kafin nan ta yi wani gajere a 2005 mai suna Monster wanda daga shi wannan ya samo asali. Ba fim ɗin manyan kamfanonin Hollywood bane, kuɗin da aka kashe bai wuce dala miliyan 2 da wani abu ba, hukumomin fim na gwamnatin Ostiraliya ne suka sa mafi yawa, sannan sai da suka je Kickstarter suka yi bara a intanet aka tara musu wajen dala dubu 30 don su ƙarasa gina cikin gidan da aka yi wasan. A Adelaide aka ɗauka. Na kawo wannan ne don ku san irin kayan da za ku saya, ba za ku ga jirage suna fashewa ba, kusan rabin fim ɗin mutum biyu ne da kare ɗaya a cikin gida ɗaya.

Labarin dai ga shi. Amelia bazawara ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, irin waɗanda tsufa ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Mijinta Oskar ya rasu a haɗarin mota, kuma ba ko wane haɗari ba, yana tuƙa ta ne zuwa asibiti tana naƙuda. Ita ta tsira, jaririn ya tsira, shi ya tafi. Kenan ranar da aka haifi Samuel ita ce ranar da ubansa ya mutu, kuma yanzu yaron yana dab da cika shekara bakwai amma ba a taɓa yi masa bikin zagayowar haihuwa a ainihin ranar ba, sai dai a haɗa shi da na 'yar ƙanwar mamarsa Ruby a wata rana daban. Kayan mamacin duk suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa a kulle, ko sunansa ba ta yarda a ambata a gabanta.

Shi kuma Samuel, kai jama'a. Yaron nan ba ya barci, kullum dare sai ya tashe ta wai akwai dodo a ƙarƙashin gado, a duba gado, a duba wadirob, a karanta masa littafi, a sake karantawa, sannan ya hau gadonta ya ƙanƙame ta yana cizon haƙora cikin barci yana shure-shure. Da rana yana ƙera makamai na katako, wani kamar kwari da baka, wani kuma majajjawa da yake goyawa a baya tana harba ƙwallo, wai zai kare mamansa in dodon ya zo. Ya fasa gilashin taga. Ya tafi da makamin makaranta har aka kira ta ofis, suka ce za su ware shi su sa masa mai lura da shi shi kaɗai, ita kuma ta yi fushi ta cire shi daga makarantar gaba ɗaya. Ga surutu, a kanti ya haɗu da matar da bai taɓa gani ba ya hau ba ta labarin yadda babansa ya mutu a hanyar kai mamansa haihuwarsa, uwar tana tsaye kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ana cikin haka wani dare ya zaro wani jan littafi daga kanta, ita ba ta san da shi a gidan ba, sunansa Mister Babadook, irin littafin yaran nan da in ka buɗe shafi hotunan suke miƙewa tsaye. Ta fara karantawa da muryar tatsuniya, shafi biyu uku sai ta ga abun ba na yara bane, wani baƙin mutum ne mai doguwar hula da doguwar riga da farata zaƙo-zaƙo, kuma littafin yana cewa in ka bar shi ya shigo toh ba ka isa ka rabu da shi ba. Daga daren nan gidan ya rikice.

Littafin nan shi kansa abun a yaba ne. Wani mai zane Alex Juhasz ne ya yi shi da hannu, baƙi da fari kamar an zana da gawayi, kuma ya fi dodon da ake nunawa daga baya ban tsoro nesa ba kusa ba. Bayan fim ɗin ya yi suna har buga shi aka yi na gaske aka sayar wa masoya, ni dai ko kyauta aka ba ni ba zai kwana a ɗakina ba.

Amma bari in koma kan Amelia don ita ce fim ɗin. Essie Davis ce ta fito a matsayinta, sun san juna da daraktar tun suna makarantar koyon wasan kwaikwayo ta NIDA a Sydney, kuma gaskiya matar nan ta yi aikin da ya kamata a ce an ba ta manyan kyaututtukan duniya. A farkon fim ɗin muryarta can ƙasa take, komai sai ta ce ba komai, lafiya lau, tana murmushin dole, gashi a hargitse, ido ya faɗa, ga ciwon haƙori da take ta dafe muƙamuƙi saboda shi. Akwai wani ɗan waje da ba a yi ko magana mai yawa ba, yaron ya rungume ta ta wuya ya ƙanƙame da ƙarfi, sai ta zabura ta ture shi ta ce kar ya ƙara. In ya yi barci a gadonta sai ta ja jiki can bakin gado ta bar fili tsakaninsu. Labarin zuciya a tambayi fuska, tun kafin a ga wani littafi ko wani dodo ka riga ka gane matar nan tana ƙoƙarin son ɗanta ne, ƙoƙari take, kuma ƙoƙarin yana cinye ta. Tana ciyar da shi, tana kare shi a gaban malamai, tana karanta masa littafi, duk abun da ake cewa uwa ta yi tana yi, amma duk sanda ta kalle shi motar nan take gani.

Wannan shi ne abun da ban saba gani a fim ba, ko namu ko na Indiya ko na Turawan ma. Uwa a fim ko dai mala'ika ce mai haƙuri tana kuka tana addu'a, ko kuma in za a nuna muguwa sai a ce kishiyar uwa ce. Ita Jennifer Kent ta ɗauko uwa mahaifiya, mai kirki, mai aikin jinya, ta nuna cewa akwai daren da take jin da ma yaron ne ya tafi aka bar mata mijinta. Kuma ba a bar shi a zuci ba, akwai inda ta faɗa masa haka baki da baki. Lokacin da ta faɗa sai da na tsayar da fim ɗin na ɗan zauna shiru, don babu wani fatalwa da zai fito a allo ya kai wannan jimlar nauyi.

Dole mai kallo Bahaushe ya yi ta tambayar wai ina dangi? Tun daga farko abun da ke raina kenan. A fiƙihun da muka karanta mai ciki in mijinta ya rasu takabarta tana ƙarewa ne da haihuwa, toh ita Amelia ba musulma ba ce amma lissafin ya zo daidai da rayuwarta ta wata fuskar, ko kwana ɗaya ba ta samu ta zauna ta yi kukan mijinta ba, daga gawa sai shayarwa. A wajenmu da an tafi da ita gida wankan jego, kwana arba'in tana hannun uwa ko gwaggo, ana karɓar jaririn tana runtsawa, ana shigowa gaisuwa har ta gaji da amsawa. Ita ba ta da kowa sai ƙanwarta Claire, wadda ita ma ta gaji, har ta fito fili ta ce mata ba ta iya jure zama kusa da yaron. Sai wata tsohuwa maƙwabciya Mrs Roach mai fama da ciwon karkarwar jiki, wadda ita kaɗai ce take kallon Samuel a matsayin yaro ba matsala ba. Sai wani abokin aikinta Robbie da ya so ya matso, ya zo har gida da fure da abun wasa, rikicin gidan ya kore shi, daga nan ba a ƙara ganinsa ba.

Sai dai kar mu yi saurin yabon kanmu. Gidan da ya cika da mutane ma ana iya zama a cikinsa ba mai jin ka. Mace ta haihu ta ce ba ta jin son jaririn nan, ko ta ce in yana kuka ji take kamar ta gudu, wa za ta faɗa wa a cikinmu? Kafin ta rufe baki an ce ta yi istigfari, wasu suna nema ba su samu ba, ko a ce iska ce ta taɓa ta a nemo mai ruƙiyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna shiga matsalar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma abun ya kusa kashi 20. Na Amelia ya wuce na jego kawai, baƙin cikin rashi ne da aka danne shekara bakwai ga rashin barci a kai, amma shirun iri ɗaya ne.

Rashin barcin nan kuwa an nuna shi yanda ban taɓa gani ba. Za ta kwanta ta ja bargo, sai a yi wani abu da hoton, haske ya zuge kamar an ja labule, gari ya waye, ita ko runtsawa ba ta yi ba. Tana zaune gaban talabijin tsakar dare ido a bushe tana canza tasha, ana nuna tallace-tallace da tsofaffin finafinan bebaye na Georges Méliès, a hankali sai dodon ya fara leƙowa a cikin abun da take kallo. Mai ɗaukar hoton ɗan ƙasar Poland ne, Radek Ładczuk, kuma cikin gidan gina shi aka yi musamman a situdiyo, bango shuɗi mai duhu da toka-toka, babu wani launi mai faranta rai, har kayan jikinsu ma sun koɗe. Da farko daraktar ta so ta yi shi baƙi da fari ne gaba ɗaya sannan ta fasa, amma abun da aka samu bai yi nisa da hakan ba. Gidan ya zama kamar tukunyar da aka danne murfinta tana tafasa, kana kallo kana jiran ta yi sama da murfin.

Daga nan zuwa ƙasa zan taɓo abubuwan da suka faru a gaba, wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ɓata masa sai ya tsallake zuwa wajen da na fara maganar aibin fim ɗin.

Ta yayyaga littafin ta zuba a shara. A bikin Ruby yarinyar ta tsokani Samuel a wani ɗan ɗakin katako da ke kan bishiya, ta ce masa ba shi da uba, ya ture ta ta faɗo hancinta ya karye. A mota suna komawa yana ta ihu yana dukan kujera yana cewa ga shi nan ga shi nan, ita ma ta juyo ta daka masa tsawa me ya sa ba zai zama kamar sauran yara ba, sai jijjiga ta kama shi. A asibiti ta roƙi likita, roƙo fa na gaske, ya rubuta wa yaron maganin barci. Wannan wajen ya taɓa ni don likitan ya ga halin da take ciki da idonsa, amma yaron aka duba, ita ba wanda ya ce mata ke fa ya kike.

Sai littafin ya dawo bakin ƙofa an liƙe shi, da sabbin shafuka, mace tana shaƙe kare, tana shaƙe yaro, tana yanka kanta. Ta ƙone shi ta tafi wajen 'yan sanda wai ana bibiyarta, suka ce ina littafin, ta ce ta ƙone, suka kalli hannunta baƙi ƙirin. Nan fa mai lura zai tuna a wajen bikin an tambaye ta aikinta na da, ta ce tana rubutu, har da na yara. Fim ɗin bai tsaya ya ce maka ita ce ta yi littafin ba, ya ajiye maka ne kawai ka ɗauka in ka ga dama. Haka fasasshiyar kwalbar da ta samu a cikin miya, haka kyankyasan da take gani suna fitowa daga wani rami a bayan firij, ma'aikatan jin daɗin jama'a suka shigo duba yaron suka same ta tana ɓare takardar bango, ramin kuma babu shi.

Inda abun ya juye shi ne lokacin da ka gane yaron da kake jin haushi tun farko shi ne mai gaskiya. Duk makaman nan da yake ƙerawa, duk alkawarin da yake mata cewa zai kare ta in ita ma za ta kare shi, ashe yaro ne da ya daɗe yana jin akwai wani abu a gidan da ke son cutar da shi, bai dai san a jikin wa yake ba. Muryarta ta canza, ta yanke wayar gidan da wuƙa don kar ya kira maƙwabciya, ya ce yana jin yunwa ta watsa masa zagin da ba zan iya rubutawa a nan ba, ta kashe karensu Bugsy da hannunta, ta cire haƙorin nan da ke damunta da yatsa. Shi kuma Samuel sai ya koma shiru, ya koma babba, yana ɓuya yana lissafi. Ya soke ta a cinya, ya ja ta ɗakin ƙasa da tarkonsa ya ɗaure ta, ta samu hannu ta kama wuyansa tana shaƙewa, shi kuma ya miƙa hannu yana shafa mata kumatu. Duk wanda ya kalli wannan wajen bai ji komai ba toh a duba shi.

Noah Wiseman sunan yaron, yana da shekara shida lokacin da aka ɗauka. Na san da yawa za su ce wane irin iyaye ne za su bar ɗansu a yi masa wannan ihun, toh daraktar ta yi bayani cewa ba a ba shi cikakken labarin ba, an ba shi irin na yara ne, kuma wuraren da Amelia take zazzaga munanan maganganu ba shi ne a gabanta ba, wani babba ne yake durƙusawa a gwiwa a madadinsa, daga baya a haɗa hoton. Wannan ya ɗan kwantar min da hankali gaskiya.

Ƙarshen shi ne abun da mutane suke ta musu a kai. Ba a kashe dodon ba. Ta tsaya a gabansa ta yi masa ihu cewa nan gidanta ne, in ya taɓa mata ɗa sai ta kashe shi, ya sulale ya gudu ɗakin ƙasa, wato dai inda kayan mijinta suke. Bayan kwanaki an ga suna shirin bikin Samuel a ainihin ranarsa a karo na farko, suna tono tana a lambu suna tarawa a kwano, ta sauka da kwanon ita kaɗai ta kai wa abun, ya taso mata kamar zai kayar da ita, ta lallashe shi ya lafa, ta hau sama yaron ya tambaye ta ya yake yau ta ce da sauƙi. Wasu sun ce wannan raini ne, ya za a yi ka sha wahalar kallo sannan a ƙare da kiwon dodo kamar akuya. Ni kuma ina ganin da an nuna ta ƙone shi ya mutu an huta da ƙarya aka yi mana, duk wanda ya taɓa binne nasa ya san ba a gamawa da abun, ana dai koyon yadda za a ringa leƙa shi ba tare da ya hau sama ya kwana da kai ba.

Toh yanzu aibinsa, don yana da shi.

Na farko dai kusan minti ashirin na ƙarshe sun fi sauran rauni. Duk tsawon fim ɗin ana wasa da hankalinka, akwai dodon ne ko a kanta yake, inuwa ce ko riga ce a rataye, sai kuma a ƙarshe a ga ana jan yaro sama a kan bene ana buga shi da bango, gado yana girgiza, tana aman wani baƙin abu, irin dai abubuwan da aka saba gani a finafinan fitar da aljanu. Ban ce ya ɓata fim ɗin ba amma ya sauko da shi daga inda yake. Sannan akwai wani kuka da dodon yake yi a wajen, wani ƙara kamar na dabbar katun ko na wasan kwamfuta, maimakon tsoro dariya ya kusa ba ni, alhali muryar nan ta can ƙasan maƙogwaro da ya yi mata a waya tana kiran sunansa a rarrabe ta isa ta hana mutum fita fitsari da dare. Da sun tsaya a kanta.

Shi kansa dodon da hannu aka yi shi, ba aikin kwamfuta mai tsada ba, motsinsa a kakkatse kamar na tsofaffin finafinai, da gangan ne kuma na fahimci dalili tunda daga littafin takarda ya fito, amma wanda ya saba da finafinan yanzu zai iya cewa arha ce. In yana cikin duhu ana ganin hula da farata kawai ya fi kyau, duk sanda aka matso da shi kusa sai kwarjininsa ya ragu.

Sai kuma mutanen gefe, ba a ba su haƙƙinsu ba. Claire da ƙawayenta an yi su ne kawai don a ji haushinsu, mata masu kuɗi sanye da baƙaƙen kaya suna ƙorafin ba su da lokacin zuwa motsa jiki, alhali ita Claire in ka duba tana da nata uzurin, shekara bakwai tana jan 'yar uwar da ta ƙi a taimake ta, kuma an karya wa 'yarta hanci. Robbie ma an jefar da shi a tsakiyar hanya. Sannan wani abu da ya tsaya min, matar da ta kashe kare ta kusa kashe ɗanta, ba a nuna ta ga likita ko sau ɗaya ba, ma'aikatan gwamnati sun dawo sun sha shayi an ce yaro ya samu sabuwar makaranta shikenan. A cikin tatsuniya ya wuce, a rayuwa kam wannan gidan yana buƙatar fiye da kwanon tana.

Ihun Samuel kuma ku shirya masa. Rabin farko yaron nan zai hau muku kai, na san waɗanda suka kashe fim ɗin tun a nan suka ce ba za su iya ba. Da gangan aka yi don ka ɗanɗani abun da uwar take sha, amma da gangan ko ba da gangan ba kunne dai naka ne.

Duk da haka masana sun karɓe shi hannu biyu. A Rotten Tomatoes, shafin da ke tara ra'ayoyin masu sharhin fim, yana da kashi 98 cikin 100. William Friedkin, wanda ya yi shahararren fim ɗin tsoron nan The Exorcist, ya ce bai taɓa ganin fim mai ban tsoro kamarsa ba, ni dai ina ganin ya ɗan zuzuta amma daga bakin irinsa ba ƙaramar magana ba ce. A kyaututtukan AACTA na ƙasarsu ya ci gwarzon fim, tare da wani fim ɗin suka raba, Jennifer Kent kuma ta ci na darakta da na rubutun labari. Abun mamaki a gida Ostiraliya bai yi kasuwa ba da farko, sinimomi kaɗan ne suka saka shi, sai da aka yaba a Amurka da Ingila da Faransa sannan 'yan gida suka waiwayo, a ƙarshe ya tara wajen dala miliyan 10 a duniya. Kuma matar ta ce ba za a yi kashi na biyu ba ko nawa za a ba ta, wanda ni na ji daɗin hakan, don na san da an yi dodon za a mayar jarumi a manta da Amelia.

Wa zan ce ya kalla? Manya kawai. Kar ganin littafin yara da ɗan yaro a fosta ya sa a kunna a falo da yara, ba nasu bane ko kaɗan, akwai zagi mai nauyi, akwai kashe dabba, akwai wani ɗan waje na sirrin mace a ɗakinta da ba za ka so ka gani da surukarka a gefe ba. Mai ciki ko mai jego ko wadda ba ta daɗe da rashi ba, ina ganin ta bari sai gaba, musamman in ita ma barci yana mata wuya. Wanda kuma yake zaune da irin wannan matar, miji ko ƙanwa ko uwa, shi na fi so ya kalla ma.

In za ku nema ku nemi mai hoto mai kyau, don fim ɗin duhu ne sosai, in aka matse shi ya koma ƙaramin fayil rabin abun da ke cikin inuwa ba za ku gani ba sai baƙi kawai. Ku sa iyafis ko sifika mai kyau saboda rabin tsoron a sauti yake, ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, ƙarar katako, kiɗan Jed Kurzel da yake yankewa farat ɗaya ya bar ka a shiru. Sannan ku kunna rubutun ƙasa, Turancin Ostiraliya ne kuma Amelia a rabin farko kusan raɗa take yi. Ni na ba shi 8 cikin 10, ɗaya na cire saboda kukan dodon nan, ɗaya kuma saboda Bugsy da bai ci ba bai sha ba.